Kan Keken Lantana

Ruwa ya janye tun ranar Laraba,
ya bar laka har gwiwa
inda ɗakin Lantana yake a da.
Kogin Kaduna ba ya sallama in zai shigo,
ba ya ban-kwana in zai fita.

Na aro na'urar gano ƙarfe wajen Bitrus na Kakuri.
Ya ce, karya ta gida uku,
za ta shige jakar makarantar 'yarka.
Haka kuwa aka yi.
Ba ta kai nauyin mudun gero ba,
ɗan acaba bai ko tambayi abin da na goyo ba.

Da rana ba zan iya ba.
Da rana ina bakin titi ina facin taya,
kuma rana tana da idanu da baki:
"Ga Ɗanlami can yana neman zinari a bola."
Sai na bari aka sallame isha'i,
aka ɗauke wuta,
janareta na ƙarshe ya yi tari ya mutu.

Na miƙe mata ƙafa, na ɗaure gaɓoɓinta,
na ɗura mata batir huɗu.
Fuskarta ta kama, kore shar,
kamar maƙesu ya sauka a hannuna ya ƙi tashi.
Na cusa igiyar sauti a kunne
kada kukanta ya ta da jaririn maƙwabta
da ke barci ƙarƙashin tamfol.

Dama, hagu. Dama, hagu.
Kamar mai shara da ke jin kunyar taɓa ƙasa.

Ɗit. Ƙusa.
Ɗit. Murfin kwalba.
Cokali biyu, mariƙin bokiti,
kwabo mai huji da ban san aljihun da ya tsufa a ciki ba.
Ashe ƙasa ma tana da asusu.
Sai kwaɗon ƙofarmu, a kulle gam,
yana gadin ɗakin da babu.
Kwaɗi masu rai suna ta musu a fadama,
na ƙarfe ya yi shiru a aljihuna.

Abin da nake nema kan keke ne,
baƙi, mai zanen fure a wuya.
Shekara tara yana ɗinka mana tuwo,
shi ya kai Uwani aji biyar.
Tun daren ruwan, Lantana ba ta yi kuka ba.
Ƙafarta kawai nake kallo in ta zauna,
tana taka fedar da ba ta nan.

Sauro ya gama da idon sawuna.
Can nesa tirela ta hau gada tana nishi.
Wajen ƙarfe biyu batir ya saura sanda ɗaya,
na fara lissafin abin da zan ce mata da safe.

Sai a gindin mangwaro,
taku ashirin daga inda nake ta wahala,
kunnena ya cika da gunji mai kauri
kamar sa a cikin rijiya.

Na yar da shebur, na sa yatsu.
Laka, laka, saiwa, laka,
sai sanyin ƙarfe mai da'ira.
Na murɗa, ya ƙi juyawa.
Na haska da koren hasken nan:
allura na nan ba ta karye ba,
da guntun zare a hancinta.

Na karya na'ura gida uku, ta koma jaka
kamar ba ita ta yi aikin ba.
Shi kuwa na saɓa shi a kafaɗa,
yana ɗiga a bayana kamar yaron da aka tsamo.

Na same ta ba ta yi barci ba.
Ta dube shi, ba ta dube ni ba.
Ta shafa wuyansa da gefen zane
har fure ɗaya ya fito.
Ta ce, "Miƙo mini kananzir,
da tsohon buroshin nan."